Babu Hayaƙi a Dubbibi

Babana ya jira tsibirin Dubbibi har gashin kansa ya yi fari fat. Ba wani babban wuri ba ne. In ka kunna taba ka fara zagaya shi, za ka dawo inda ka tashi ba ta ƙare ba. Farin yashi ne da bishiyoyin kwakwa da 'yar rijiya mai zartsi a tsakiya, shi ke nan. Amma kakan kakanmu ne ya dasa kwakwar farko a wurin, ya kuma bar wa zuri'arsa gaba ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa. Kowane gida ya zauna shekara guda, ya ci kwakwar, ya gyara wurin, ya ba na gaba. A zamaninsa gidajen ba su da yawa. Yanzu mun hayayyafa, sai mutum ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, ya ga jikoki, kafin layi ya sake zagayowa kansa.

Sharaɗi ɗaya tsohon ya bari. Duk wanda ke kan tsibirin, to a ga hayaƙinsa. In aka wuce, aka sake wucewa, ba a ga hayaƙi ba, ya saki wurin ke nan. Gidan da ke biye da shi ya shiga, shi kuma ya koma can ƙarshen layi.

Karon farko da layi ya zo kan gidanmu, Baba yana sabon ango. A can aka haife ni, ƙarƙashin rumfar da ya kafa wa Nana, wato mahaifiyata. Da karo na biyu ya zo, Nana ta riga ta rasu, shi kuma gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama. Kowa ya ce ya bari wani yaro daga gidan ya je ya riƙe masa. Ya ƙi ƙememe. Ya loda tukwanensa da addarsa da ragar da yake ratayewa ya kwanta a ciki a kwalekwale, ya tafi shi kaɗai. Dukanmu mun san wannan ne karonsa na ƙarshe, shi ma ya sani, ba dai wanda ya faɗa.

Ni sunana Ovitilia, amma Tili ake kira na. Ni ce kukun jirgin Kyaftin Wilfrido, wani mutumin birnin Colón mai tumbi da yawan dariya. Jirgin haya ne mai tafiya da iska, Turawa su kama shi na mako guda mu yi ta yawo da su tsakanin tsibiranmu na Guna Yala. Su yi iyo, su kwanta a rana har su yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, ni kuma in dafa musu kifi da shinkafar kwakwa. Aikin ba laifi. Abin da ke ba ni haushi ɗaya ne. Kowane rukuni muka ɗauko, kafin su gama ajiye jakunkuna sai ka ji wani ya ce, “Kyaftin, muna son tsibirin da ba kowa a kai.”

Ba kowa! A ƙasarmu ko bishiyar kwakwa ɗaya babu wadda ba ta da mai ita. Kwakwar da ta faɗo ƙasa ma, ka ɗauka ka gani in ba a kai ka gaban saila, shugaban garinmu, ba. Amma Kyaftin ba ya cewa babu. Sai ya yi murmushi ya ce a bar shi da wannan.

Wata rana muna komawa ba baƙi, ya karkata jirgin zuwa Dubbibi, wai mu gaida tsoho. Na ga ya haɗa leda: kofi, sukari, taba, batir. Na ce a raina, yau kuma da wata a ƙasa. Mun tarar da Baba yana ɓare kwakwa a bakin rumfa, ɓawon yana ci a murhu, hayaƙi yana tashi miƙe. Aka gaisa, aka sha kofi, Kyaftin yana ta kame-kame, sai ya kalli rijiya ya kalli sama.

“Don Nicanor,” in ji shi daga ƙarshe, haka yake kiran Baba don girmamawa, “wata alfarma nake nema. Jibi ina da baƙi, saurayi da budurwa. Yana so ya nemi aurenta a tsibirin da ba ɗan Adam ko ɗaya. Duk yankin nan kuwa babu mai kyan naka.”

“To ai ga ni a kai,” in ji Baba.

“Shi ne fa. Da za ka ɗan zaga, na yini ɗaya kawai. Ka tafi kamun kifi, ko wani abu.”

Baba ya ajiye adda. Ya kalle shi, ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har da tari.

“Wato su biya ka don kada su gan ni? Kai, Wilfrido! Ashe ina da amfani ko ba na nan.”

Ni ban yi dariya ba. Na ce, “Baba, hayaƙin fa?”

“Na yini ɗaya? Haba Tili. Wa zai ƙirga mini yini ɗaya?”

“Rufino zai ƙirga.”

Rufino ɗan ƙanen Baba ne, kuma gidansu ne ke biye da namu a layi. Yana da jirgin inji, yana ɗaukar masu yawon yini ɗaya daga bakin gaɓa, kusan kullum sai ya bi ta wajen. Baba ya yi wani tsaki ya ce Rufino da ya goya a kafaɗa? Ya ce in rufe bakina, mutumin da ke ba 'yarsa aiki ya roƙe shi abu, ba zai ce a'a ba. Na ce ni ban roƙa ba. Ya ce ai ba da ni ake magana ba.

Ranar da muka dawo da baƙin, wallahi ni kaina ban gane wurin ba. Babana mutum ne da in ya kama abu sai ya ga ƙarshensa, ko da abin banza ne. Ya sauke ragar kwanciya. Ya binne murhu da yashi. Tukwane da adda da tarin kwakwar da ya ɓare, duk ya kai su cikin ciyawa ya rufe da ganye. Rumfar ma ya zare mata wasu ganyaye, ya karkatar da ƙafa ɗaya, ta koma sai ka ce ta shekara goma ba a shiga ba. Sawun ƙafarsa ko ɗaya babu a yashin. Shi kuwa ya tuƙa kwalekwalensa ya shige tsibirin laka da ke gefe, inda ba komai sai itatuwan nan masu tsayawa kan saiwoyinsu a cikin ruwa. Nan ya laɓe.

Kyaftin ya nuna rumfar ya ce ta wasu masunta ce na da can. Budurwar ta dafe ƙirji. Saurayin ya durƙusa a yashi ya fito da zobe, ta yi ta kuka tana cewa kamar su ne mutanen farko da suka taka wurin nan tun da aka yi duniya. Ina tsaye da faranti a hannu, taku kaɗan daga inda aka yanke mini cibiya. Na daure. Amma da saurayin ya sunkuya ya ɗauki wata kwakwa da ta faɗo, sai na ji bakina ya riga ni.

“Ajiye ta.”

Ya ce ai ba ta kowa ba ce. Kyaftin ya yi wuf ya shiga tsakani, ya ce al'ada ce, wai muna barin su ne don tsuntsaye. Tsuntsaye! Na koma jirgi na yi ta buga tukwane ni kaɗai.

Da yamma bayan sun hau, na waiga na hango kan kwalekwalen Baba yana leƙowa daga surƙuƙin. Mako na gaba da muka biyo, tambayar farko da ya yi mini ita ce, “Sun gane?” Na ce ba su gane ba. Ya yi ta washe baki kamar yaron da ya ci wasan ɓuya.

Yini ɗaya ya zama biyu. Lokacin iska ya shigo, lokacin da baƙi suka fi yawa, kusan kowane mako sai mun je. Kyaftin kuma baki ne da shi kamar tsohuwar rediyo. Ya zauna da 'yan'uwansa masu jirage ya yi ta alfahari yana da tsibirin da ba kowa, sai ga su su ma sun fara tsayar da jiragensu a wurin. Nan matsalar ta taso. Idon Baba ya yi rauni, in ya hango farin ƙyallen jirgi daga nesa ba ya iya bambance namu da na wani. Don kada ya kunyata ni a gaban maigidana, duk ƙyallen da ya gani sai ya binne wuta ya gudu cikin laka. Wata rana tun hantsi har faɗuwar rana. Da ya gaji da tonowa da binnewa, sai ya daina hura wutar da safe gaba ɗaya, ya riƙa jira har jirage su watse.

Ban san abin ya kai haka ba sai ranar da na ga ƙafafunsa. Ƙudajen yashi sun cije su sun yi rudu-rudu, fatar ta yi fari saboda zama cikin ruwa. Raina ya ɓaci sosai.

“Baba, wannan wace irin wahala ce? Shekara nawa ka yi kana jiran wurin nan, don ka zo ka zauna cikin laka kana kallonsa daga nesa?”

“Na saba. Akwai ƙaguwa da yawa a can.”

“Ƙaguwar banza! Daga yau ka daina. Ni zan gaya wa Kyaftin.”

“Ki bari iska ta wuce. Saura kaɗan.”

Na gaya wa Kyaftin duk da haka. Ya dafe kai ya ce wallahi bai sani ba, shi yini ɗaya-ɗaya ya roƙa. Ya ce zai yi wa abokansa magana. Ko ya yi ko bai yi ba, oho, don kafin mako ya zagayo an riga an aiko daga gari: ana neman Nicanor a zauren taro, Rufino ya kai ƙara.

Ni na je na ɗauko shi a jirgin wani maƙwabcinmu. A hanya ya ba ni labarin abin da ya faru, yana kallon ruwa, bai kalle ni ba. Ya ce ran nan ya hango jirgin inji cike da Turawa ya doso, ya gudu kamar yadda ya saba. Yana cikin saiwoyi sai ya ga ashe Rufino ne ya kawo su. Rufino ya sauka ya zaga tsibirin yana kira, “Baffa! Baffa Nicanor!” Ya shiga rumfa ya fito. Ya tona inda murhu yake da ƙafa, ya sa hannu ya ji toka sanyi ƙalau.

“To me ya sa ba ka amsa ba?” na ce.

“Laka har ƙugu, Tili. Ga Turawa da wayoyi a hannu. In fito in ce masa me?”

Na ce to kada ya damu, gaskiya ce za ta fitar da shi. Bai taɓa kwana ko ɗaya a wani wuri ba, kuma akwai shaida.

Na bar shi a gidana na tafi wajen Kyaftin. Na same shi yana wanke bayan jirgi. Na ce gobe zai zo zauren taro ya faɗi abin da ya sa tsoho yake yi. Ya yi tsuru-tsuru.

“Tili, kin san in dattawanku suka ji na sa dattijo ɓuya saboda Turawa, jirgin nan ba zai sake shiga ruwanku ba. Ni da ke duk mun tashi.”

“Na sani.”

“Ina da iyali fa.”

“Shi ma yana da su, ga ɗaya tsaye a gabanka. Kai ka kai masa kofi da sukari, kai za ka je ka faɗa. In ba ka zo ba ni zan faɗa, kuma yadda zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba.”

Ya daɗe yana matse tsumman da ke hannunsa. Ban yi zaton zai zo ba, gaskiya. Amma washegari da la'asar sai ga shi a ƙofar zauren, ya sa farar riga mai maɓalli, hula a hannu, yana ta zufa. Baƙo ba ya shiga sai an kira shi, don haka ya tsaya a waje yara suna kallonsa. Wannan kam na yaba masa.

Zauren ya cika. Saila yana kwance cikin ragarsa a tsakiya yana lilo a hankali, dattawa a kan bencina kusa da shi, mu mata a namu gefen, wasu da ɗinkin mola, adon rigunanmu, a cinya. Rufino ya tashi. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai yi rashin kunya ba. Ya ce Baffa ubansa ne, ba ya son ranar da zai tsaya ya yi magana a kansa. Amma ya wuce ta Dubbibi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, bai ga hayaƙi ba. Ya sauka da ƙafarsa ya tarar rumfa ta karkace, murhu a binne, ko sawun mutum babu. Jiragen baƙi suna tsayawa yadda suka ga dama, ba mai ce musu uffan. Ya ce shi yana da 'ya'ya, kuma sharaɗin kaka ba shi ya kafa shi ba. Masunta biyu suka tashi suka ce su ma sun wuce da rana tsaka ba su ga hayaƙi ba.

Saila ya ce, “Nicanor, ka ji.”

Baba yana zaune, hannuwa a kan gwiwa. Bai motsa ba. Na kasa daurewa, na miƙe.

“Yana nan! Ko kwana ɗaya bai bar tsibirin ba. Ɓuya yake yi.”

“Ɓuya?” in ji saila. Ragar ta daina lilo.

Na faɗi komai. Baƙin da ke son wurin da ba kowa, roƙon da aka yi masa, binne murhu, tsibirin laka. Na ce a dubi ƙafafunsa in ana son shaida, kuma mutumin da ya roƙe shi yana tsaye a ƙofa, a kira shi ya faɗa da bakinsa. Ina cikin magana na ji an fara. Wani daga bencin samari ya ce, “Cikin laka? Kamar ƙaguwa?” Wani ya ƙyalƙyale. Wata tsohuwa kusa da ni ta rufe baki da ɗinkinta, kafaɗunta suna rawa. Ba dariyar mugunta ba ce, abin ne ya zo musu a ba-zata, amma dariya ce. Jikokin Baba biyu suna zaune a bakin ƙofa suna ji.

Saila ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Nicanor, haka ne? In haka ne ba ka saki wuri ba, sai dai mu yi magana da mai jirgin. A shigo da shi?”

Baba ya dafa benci ya miƙe a hankali. Ya gyara hularsa.

“Kada a wahalar da baƙo,” in ji shi. “'Yata tana so na, shi ya sa ta shirya wannan labarin. Ku yafe mata. Rufino bai yi ƙarya ba. Na tsufa, kaɗaici ya dame ni, sai in ɗau kwalekwale in tafi yawona in kwana biyu a wani wuri. Ban riƙe wuta ba. Ba ni da ta cewa.”

“Baba!”

“Zauna, Tili.”

“Wallahi ƙarya yake yi! Ku dubi ƙafafunsa!”

“Ƙafar masunci ce,” in ji shi. “Zauna, na ce.”

Tun ina yarinya bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na zauna. Saila ya daɗe yana kallonsa. Ina jin ya gane, tsohon nan ba a rufe masa ido. Amma mutum ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi laifinsa da bakinsa, me kuma ya rage? Ya ce daga sabon wata gidan Rufino ya shiga Dubbibi, gidan Nicanor ya koma ƙarshen layi. Aka wuce zuwa maganar wani alade da ya shiga gonar ayaba.

Da muka fito Kyaftin ya taro mu yana tambaya ko yanzu ne za a kira shi. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tafi abinsa, an gama, ya gode da zuwa. Kyaftin ya kalle ni. Na ce ya ɓace mini da gani tukuna.

Muka bi lungu zuwa gida, Baba a gaba ni a baya, ina cike fam. Sai da muka wuce gidajen mutane na buɗe baki.

“Don aikina ne, ko? Don kada a kori jirgin? Wa ya ce maka ina so? Ni da hannuna, ko'ina na je zan dafa abinci a ci!”

Ya tsaya ya juyo.

“Ba don ke ba ne. Kada ki ɗora wa kanki.”

“To don me?”

“Ba ki ji su ba? Yau ƙaguwa, gobe ƙaguwa, har in mutu. Bayan na mutu ma yaran nan su zama jikokin ƙaguwa.” Ya ci gaba da cewa, “Tsohon da ya gaji ya bar wuta ta mutu, an saba gani, za a manta. Amma a ce Nicanor ya tsuguna cikin laka yana leƙe, wasu suna rungume-rungume a inda matarsa ta haihu, kuma shi da hannunsa ya share musu wurin? Da ina yi ban ji komai ba, Tili, har daɗi nake ji. Sai da na ji shi a bakinki.”

Nan fushina ya tafi, baƙin ciki ya maye gurbinsa. Na so in ce masa da na sani da ban tashi ba, amma ba gaskiya ba ne, ko yau aka sake zan tashi. Na kama hannunsa muka ƙarasa gida. Na dafa masa miyar ayaba da kifi, ya ci kaɗan ya kwanta.

Kwana biyu bayan haka Rufino ya zo. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula, sai da na ce ya shigo sau biyu. Ya durƙusa kusa da ragar Baba. Ya ce shi bai yi barci ba tun ranar. Ya ce ya yi magana da matarsa, za su kafa rumfa biyu, ɗaya tasu ɗaya ta Baffa. Ya zo ya zauna da su har shekarar ta ƙare, ba abin da zai yi, ko kwakwa ɗaya ba zai ɓare ba, yara su yi masa hidima.

Na ce, “Baba, ka ji fa. Ka je mana.”

Baba ya kalli Rufino, ya ɗan yi murmushi.

“Allah ya yi maka albarka, ɗana. In zo a matsayin wa?”

“A matsayin babanmu mana. Baƙonmu na girma.”

“Tsibirin nan ya gaji da baƙi, Rufino. Je ka ka zauna a wurinka.”

Rufino ya yi magiya, ni ma na yi. Baba ya juya fuskarsa wajen bango. Da sabon wata ya tsaya, ni na bi jirgin Rufino na kwaso masa kayansa, don ya ce ba zai je ba.

Ina nan a jirgin Kyaftin har yanzu. Muna bi ta Dubbibi, sai dai ya daina ce wa kowa ba kowa a kai, ba kuma zai iya ba, ga shanya ga kaji ga yaran Rufino suna tsalle a ruwa. Baba yana gidana. Yana gyara raga, yana kai jikoki makaranta, ana gaishe shi da girma a hanya, ba wanda ya taɓa kiran sa da wani suna. Duk ranar da na dawo daga tafiya ba ya tambaya ta ko mun je can, ni ma ba na faɗa.

Rannan ƙaramin ɗana ya zo da lissafinsa na yara, yana ƙirga gidajen zuri'a da yatsu, ya ce, “Kaka, in layi ya dawo kanmu zan riga na zama babba, ni zan tuƙa ka.”

Baba ya shafa kansa.

“Kai za ka je,” in ji shi. “Ka tafi da ashana mai yawa.”